Tambayoyi da amsoshi kan kiwon kaji masu sanyin hali da sabo da mutane

Yawancin masu ajiye kaji a bayan gida ƙwai suke nema da farko. Sai an yi nisa ake gane cewa halin kajin ne ke sa kiwon ya yi daɗi ko ya zama ɗawainiya. Kazar da za ka ɗauka cikin sauƙi, ka duba tafin ƙafarta, ka buɗe fiffikenta ka nemi ƙwarƙwata, ka ɗura mata magani ba tare da an yi tsere ba, ita ce ake gano ciwonta da wuri. Wadda ba ta kamuwa sai da dare, sau da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinta ake lura. Ga tambayoyin da masu son gina irin wannan garke suka fi yi.

Halin kaza gado ne, ko kuwa reno ne ke kawo shi?

Duka biyun suna da hannu, amma aikinsu ya bambanta. Reno yana gyara kaza ɗaya, kuma gyaran yana ƙarewa a kanta. Gado shi ne ke wucewa zuwa 'ya'ya da jikoki.

An gwada wannan a aikace. Kajin gida sun samo asali ne daga jar kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, tsuntsuwa mai tsananin tsoron mutum. A Jami'ar Linköping da ke Suwidin, Farfesa Per Jensen da abokan aikinsa sun ɗauki irin waɗannan kajin daji suka raba su gida biyu. A ɗaya gidan suna haɗa waɗanda suka fi tsoron mutum, a ɗayan kuma waɗanda tsoronsu ya fi sauƙi, alhali reno da abinci iri ɗaya ne. Cikin zuriya biyar bambanci ya fito fili. Wani abin da ba a zaɓa ba ma ya biyo baya: marasa tsoron sun fi girman jiki, ƙwansu ya fi girma. Tun 1959 masanin nan ɗan Rasha, Dmitry Belyaev, ya fara makamancin wannan aiki a Saibiriya da wata dabba dangin dila da ake kiwo don fatarta, kuma can ma sabo da mutum ya bi jini.

Sai dai lissafin masu binciken na Suwidin ya nuna cewa kusan kashi 17 cikin 100 ne na bambancin tsoro tsakanin tsuntsayen ke fitowa daga gado. Wannan adadi ya isa a gina a kansa, amma yana nufin aikin na haƙuri ne. Uwa mai sanyi za ta iya ƙyanƙyashe ɗan tsako matsoraci, kuma hakan ba ya nufin zaɓenka ya ɓaci. Garken gaba ɗaya ne ke matsawa kaɗan-kaɗan.

Me ake nufi da kaza mai sanyin hali?

Mutane suna cuɗa abubuwa uku wuri ɗaya, kuma gara a rarrabe su tun da fari. Akwai tsoron mutum, wato nisan da kaza ke bari ka matso kafin ta ruga. Akwai faɗa da mutum, wanda aka fi gani a zakaru. Sannan akwai yadda take zama da 'yan uwanta kaji. Kaza tana iya cin biyu ta faɗi ɗaya. Irin Asil na Indiya, wanda aka daɗe ana kiwo don faɗa, an san shi da sauƙin kai a hannun mai shi, amma zakaru biyu ba sa zama wuri ɗaya lafiya.

Akwai kuma kuskuren da nake so kowa ya kiyaye. Idan ka kwantar da kaza rigingine ka riƙe ta na 'yan daƙiƙu, ka sake ta, ta ci gaba da kwanciya kamar matacciya, wannan sandarewa ce ta tsoro. Masana ma da ita suke auna tsoro: wadda ta fi daɗewa a sandare ita ta fi firgita. Haka nan kazar da ta yi tsit a hannunka, wuya a miƙe, ido a zare, zuciya na bugawa a tafin hannunka. Mai natsuwa ta gaskiya jikinta a sake yake, tana waige-waige, tana iya tsintar tsaba daga ɗaya hannun naka, kuma idan ka ajiye ta sai ta kakkaɓe jiki ta ci gaba da tonon ƙasa a gefen ƙafarka.

Da wane iri ya kamata in fara?

Manyan kaji masu nauyi ne suka fi suna wajen natsuwa: Orpington, wanda William Cook ya fitar a Ingila a 1886, da Brahma, da Cochin, da Sussex, da Faverolles na Faransa, da Australorp na Ostireliya. Cikin ƙanana akwai Silkie, mai gashi kamar auduga da baƙar fata da yatsu biyar. A ɗaya ɓangaren, Leghorn da Ancona 'yan asalin Italiya da Fayoumi ta Masar kaji ne masu saurin firgita da tashi sama, ko da yake Leghorn ba ta da tamka wajen ƙwai.

Sunan iri dai matakin farko ne kawai. A cikin iri ɗaya akwai gidaje, kuma kowane gida ya ɗauko halin da masu kiwonsa suka bari ya wuce. Za ka samu zakaran Orpington mafaɗaci idan shekara da shekaru ba wanda ya damu da halin iyayensa. Saboda haka idan za ka karɓi 'yan tsaki ko ƙwan ƙyanƙyasa, nemi ganin iyayen da idonka, ka shiga inda suke, ka ga abin da zakaran zai yi. Wanda kuma kajinsa gauraye ne marasa sunan iri, kada ya raina su. A garke irin wannan bambancin hali ya fi yawa, kuma bambanci shi ne jarin mai zaɓe.

Yaya zan gwada halin kajina ba tare da son rai ba?

Nan ne aikin yake. Kowane mai kaji yana da 'yar lelensa, wadda ya fi ɗauka, ya fi ba ta tsutsa, ita kuma ta fi kowa binsa. Idan ka zaɓe ta don sabonta, mai yiwuwa renonka ka zaɓa, kuma reno ba ya shiga ƙwai. Gwaji na adalci sai tsakanin tsuntsayen da suka taso tare, aka yi musu hidima iri ɗaya.

Fara da sa wa kowace zoben ƙafa mai launi ko lamba, ka tanadi littafi. Sannan ka riƙa yin waɗannan, sau ɗaya a wata ya isa:

Ka shiga filinsu ka tsuguna shiru, hannu ba abinci, na minti biyar. Rubuta waɗanda suka matso da kansu, da waɗanda suka ci gaba da harkarsu kusa da kai, da waɗanda suka tattaru a kusurwa mafi nisa. Dalilin cire abinci shi ne kazar da yunwa ko kwaɗayi ya kawo ba lallai ne mai natsuwa ba.

Ka tako a hankali zuwa ga kaza ɗaya ka lura da tazarar da ta bari kafin ta kauce.

Ka ɗauke ta, fikafikai a manne da jiki, ƙirjinta a kan tafin hannunka. Shin ta lafa bayan ɗan mutsu-mutsu, ko tana ta kuka da harbi har ka sake ta? Bayan ka ajiye ta, ina ta nufa?

Ka sa wani baƙo ya maimaita duka ukun. Kaji suna gane mutane, kuma wadda ta amince da kai kaɗai ba ta kai wadda ta amince da kowa ba.

A ƙarshe ka tsaya daga nesa lokacin cin abinci ka ga wace ce ke korar wasu daga mazubi, wace ce ke tsigar gashin 'yan uwanta.

Ka ba kowace kaza maki daga 1 zuwa 5 a kowane gwaji. Rana ɗaya ba ta isa hukunci ba, domin zafi ko shaho da ya gitta da safe na iya dagula garke duka. Abin da ya riƙa maimaituwa wata bayan wata shi ne halin.

Daga wata nawa za a iya yanke hukunci?

Kada ka yi gaggawa. 'Yan tsaki da yawa suna da sabo a makonnin farko, sai su koma gudun mutum idan gashi ya fara cika musu jiki, sannan su sake lafawa. Sagara takan fara ƙwai tsakanin mako 18 zuwa 24, kuma dab da hakan za ka ga tana durƙusawa ta ɗan buɗe fikafikai idan ka kai hannu. Wannan durƙuson shirin karɓar zakara ne, yana sa ta yi sauƙin kamu, amma kusan kowace sagara tana yinsa. Jira ta yi wata biyu ko uku tana ƙwai kafin ka auna ta da gaske.

Zakara ya fi ɓoye hali. Daga wata huɗu zuwa shida balaga ke tasowa, kuma ɗan zakaran da ke hawa cinyarka jiya yana iya fara kai maka sara. Abin mamaki, waɗanda suka fi rashin tsoro suna ƙanana su ne wani lokaci ke zama masu hari, don ba sa ganin kwarjinin mutum. Ni a ganina, zakaran da bai cika shekara ba, bai kuma zauna da kaji mata a ƙarƙashinsa ba, ba a san shi ba tukuna.

Tsakanin zakara da kaza, wanne ya fi muhimmanci?

Kowane ɗan tsako rabi daga uwa yake ɗauka, rabi daga uba. Amma zakara ɗaya yana taka kaji 8 zuwa 12, don haka shi kaɗai rabin zuriyar da ke tafe ne. Kuskure a kan kaza ɗaya yana taɓa 'yan tsaki kaɗan, kuskure a kan zakara yana taɓa kowa. Sa'ar da ke nan ita ce kusan rabin abin da aka ƙyanƙyashe maza ne, kuma ɗaya ko biyu kawai kake buƙata. Kana da damar tsananta zaɓe a kansu fiye da yadda za ka iya a kan mata.

Zakaran da ake nema shi ne wanda idan ka shigo zai dube ka, ya ba ka hanya, ya koma kan aikinsa. Idan ya samu abinci yana kiran kaji da ɗan gajeren kuka, yana ɗaga tsaba yana ajiyewa har su zo. Ba ya tsige musu gashin ƙeya da baya wajen taka su. Idan kaji biyu suka kaure, yana shiga tsakani.

Zakarana yana da kyau da girma, amma yana kai wa mutane hari. In bar shi ya yi zuriya sau ɗaya?

A'a. Wannan ita ce amsar da ba na sassautawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma abin da ka shigar a kaka ɗaya yana iya ɗaukar shekaru kafin ka tace shi. Launi da girma da kyan zanko duk ana samunsu a wani zakaran.

Alamun suna zuwa kafin harin. Zai riƙa tunkararka a karkace, fiffike ɗaya a ƙasa, gashin wuya a tashe, yana tsintar ƙasa yana kafe ka da ido. Sannan ya fara biyo ka idan ka juya baya. Ƙaimin babban zakara yana huda fata, kuma fuskar ƙaramin yaro daidai tsayin tsallensa take. Wasu dabaru, kamar ɗaukarsa a hammata ana yawo da shi, suna sa ya ji shakkar mutum ɗaya na ɗan lokaci, amma ba sa canza abin da zai gadar. Duka da shuri kuwa ƙara masa wuta suke yi. Idan za ka rabu da shi, gaya wa mai karɓa gaskiyar halinsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma mai kiwon da bai iya fitar da tsuntsu daga cikin masu haihuwa ba, ba zai taɓa gyara garkensa ba.

To zakara mai sanyi zai iya tsare kaji daga shaho da sauran maɓarnata?

Zai iya. Babban aikin zakara wajen tsaro shi ne sa ido da gargaɗi. Yana da kuka dabam na abin da ke zuwa ta sama, da wani dabam na abin da ke zuwa ta ƙasa, kuma kaji sun san bambancin. Wannan bai da alaƙa da kai wa mai ba shi abinci hari. Zakaran da hankalinsa ke kan ƙafarka ma ya bar kallon sama.

Ina da kaza mai son mutane sosai, amma tana cin zalin sauran. Ta dace?

Ɗan sara nan da can al'adar kaji ce. Tun farkon shekarun 1920 masanin nan ɗan Nowe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana yadda kowane garke ke jera kansa daga babba zuwa ƙarama. Shugabar kirki kallo ɗaya ko sara ɗaya ya ishe ta. Wadda ke bin wata har lungu, tana tsige gashi, tana fitar da jini, ita ce matsala, komai sabonta da kai.

Aikin William Muir na Jami'ar Purdue a Amurka ya nuna muhimmancin wannan. Ya lura cewa idan aka zaɓi kazar da ta fi kowa ƙwai a keji, sau da yawa mai danne 'yan uwanta aka zaɓa. Sai ya koma zaɓen keji sukutum: dangin da suka zauna tare lafiya suka fi tara ƙwai, su ne ke yin zuriya. A sakamakon da ya wallafa a 1996, mace-mace sun sauko daga kashi 68 cikin 100 a zuriya ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a ta shida, ƙwan kowace kaza a shekara kuma ya tashi daga 91 zuwa 237. Kajin keji ne ya yi aiki da su, amma darasin ya shafi bayan gida: dubi dangi gaba ɗaya. Idan 'ya'yan wata kaza duk suna zaune lafiya da juna, jininta ya fi na wadda ita kaɗai ce ta fita zakka cikin 'yan uwa masu faɗa.

Yaya zan tabbatar da uwa da uban kowane ɗan tsako?

Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta, ƙwanta na ci gaba da ɗaukar rai har mako biyu, wani lokaci fiye da uku, bayan an raba su. Don haka ka ware kajin da ka zaɓa daga duk wani zakara na mako uku zuwa huɗu, sannan ka sa musu wanda kake so. Bayan 'yan kwanaki ka fara tara ƙwai, kana rubuta alamar uwa da kwanan wata da fensir a ɓawon. Ajiye su a wuri mai sanyi-sanyi, tsinin yana ƙasa, kada su wuce kwana 7 zuwa 10 kafin a sa su kwanci. Ƙyanƙyasa kwana 21 ce. Idan injin ƙyanƙyasa kake amfani da shi, a kwana na 18 ka raba ƙwan kowace uwa a cikin 'yar raga, don ka san na wa ya fito.

Kaza ta yi kwanci ko a sa a inji, wanne ya fi kawo sabo?

'Yan tsakin da aka rena da hannu sukan fi saurin sabo, domin a kwanakin farko ne ɗan tsako ke riƙe abin da zai ɗauka a matsayin nasa. Waɗanda uwa ta rena kuma ita suke kwaikwaya. Idan tana zuwa ci a hannunka za su biyo ta, idan tana ƙwalla kukan gargaɗi duk sanda ta gan ka za su koyi ɓuya. Saboda haka ko ƙwan wata ne, ba wa kaza mai natsuwa ta kwanta a kai. Abu ɗaya dai: kada ka gwada ɗan tsakon inji da wanda uwa ta rena a ma'auni ɗaya.

Wajen reno, kawo hannu ta gefe ko ta ƙasa, don abin da ya sauko daga sama a idon ɗan tsako shaho ne. Bar hannunka a ƙasa da ɗan abinci su hau da kansu, ka riƙa magana da murya ɗaya, minti kaɗan kullum ga kowa daidai.

Idan na ci gaba da haɗa dangi ɗaya, ba za su lalace ba?

Za su iya. Alamun farko su ne ƙwai ya rage ƙyanƙyashewa, 'yan tsaki su fito da rauni, jiki ya ƙanƙance. Haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya shi ya fi saurin kawo haka. Mai fili yana iya raba kaji gida uku: mata suna zama a gidan uwarsu, zakaran da aka zaɓa daga gida na ɗaya ya koma na biyu, na biyu ya koma na uku, na uku ya koma na ɗaya. Mai ƙaramin garke kuma ya shigo da sabon zakara duk bayan shekara biyu ko uku. Killace shi na wata guda saboda cuta, ka yi amfani da watan wajen karantar halinsa, kuma kada ka rabu da tsohon zakaranka sai ka ga yadda 'ya'yan sabon suka tashi.

Kada kuma sanyin hali ya rufe maka ido. Kaza mai karkataccen baki, ko gurguwar ƙafa, ko yawan ciwo, ko ƙarancin ƙwai, ba ta shiga zaɓe ko da ita ce ta fi kowa sabo.

Shekara nawa kafin in ga sakamako?

Idan kana jiran zakara ya cika shekara, zuriya ɗaya kake samu a shekara. Cire masu hari yana nuna amfaninsa tun zuriyar farko ko ta biyu. Raguwar tsoro a garke duka ta fi jan lokaci, ka sa ran shekara uku zuwa biyar.

Kazata mai sanyi ta sauya hali kwatsam. Jinin ne ya ɓaci?

Da wuya. Kaza mai kwanci tana kumbura jiki, ta yi gurnani, ta sari hannun da ya doshi ƙwanta, kuma wannan halin uwa tagari ne da ke wucewa. Lokacin zubar gashi ba ta son a taɓa ta, don sabon gashin da ke tsirowa yana da jini a ciki, yana mata zafi. Cunkoso, ƙarancin mazubin abinci da ruwa, ƙwari a akurki da dare, duk suna sa kaji faɗa. A ba kowace kaza aƙalla murabba'in mita ɗaya a filin da suke yini kafin a ɗora wa gado laifi. Haka kuma kazar da ba ta taɓa yarda a kama ta ba, yau ta tsaya shiru ka ɗauke ta, duba ta da kyau, mai yiwuwa ba ta da lafiya.

Akwai illa a kiwon kaji masu sabo sosai?

Akwai abin kiyayewa. Manyan kaji masu natsuwa ba su da saurin tsere wa kare ko muzuru, don haka shinge da rufe akurki da dare sun zama wajibi. Idan aka haɗa su da iri masu zafi, su ne ke komawa ƙasan layi, musamman Silkie da Faverolles, sai a ƙara musu mazubi a wani gefe. Suna kuma saurin yin ƙiba idan aka yawaita ba su ɗan abin hannu, ƙiba kuwa tana rage ƙwai.

Kaza lafiyayya a ido tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai kama mutane, a gashinta da kashinta, kuma kazar da ake yawan runguma ita ta fi kusantar fuska. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaji ko ƙwai, kada a sumbace su, kada a shigo da su inda ake dafa abinci, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma su yi kallo tare da babba maimakon ɗauka.